Ɗan Azumi da Rubutun Gefen Kwali

Ɗan Azumi bai taɓa sayen sigari da kuɗinsa ba, amma ya fi shekara goma yana sha. Wanda bai san sana'ar tireda ba zai ce ƙarya ne. Wanda ya san ta ba zai yi musu ba.

Teburinsa yana bakin layin dogo a Agege, daidai inda danfo, ƙananan motocin hayar Legas, ke sauke mutane su tsallaka zuwa kasuwa. Akwai alewa, cingam, ashana, reza, maganin sauro da ƙullin sukari, sai sigari a tsakiya, domin ita ce uwar tebur. Ba mai sayen kwali a wurin. Kara ɗaya ne ko biyu, mutum ya kunna a 'yar fitilar gwangwani da ke ci a gefe, ya kama gabansa. Kwalin kuwa yana hannun mai tebur tun daga buɗewa har ƙarewa.

Daga wani ƙauye kusa da Madarunfa ya zo, can ƙasar Nijar. Ya fara da ga-ruwa har kafaɗarsa ta yi kanta. Ya yi gadi a Ikeja, gidan wani oga da ya fi sanin sunan karensa a kan sunan maigadinsa. Daga nan ne Lado, ɗan garinsu mai wannan teburin, ya ja shi jiki ya koya masa sana'a.

Abu biyu Lado ya koya masa waɗanda suka bi shi. Na farko shi ne maganar karyayyen kara. Karan da ya karye, ko wanda ya sha sanyin damina ya yi laushi, ba mai saye. Zubar da shi kuma asara ce.

"Mai tebur shi ke shanye asararsa," in ji Lado, ya kunna ya miƙa masa.

A Legas kuwa, inda ruwa ke sauka kamar da gayya, asarar ba ta yankewa.

Na biyun shi ne rubutun boko da ke gefen kwali. Lado ya ɗora farce a kai ya ce, "Ka ga wannan? Hatimin gwamnati ne. Sigarin da ake shigowa da ita ta ɓarauniyar hanya daga Kwatano ba ta da irinsa. Duk wanda ya ce kayanka jabu ne, nuna masa nan."

Lado bai iya karatun boko ba. Ɗan Azumi ma haka.

Tari ne ya kama Lado. Ya yi ta shan jiƙe-jiƙe yana ramewa, har wandonsa ya koma sai da igiya biyu. Da abin ya gagara, aka sa shi a bayan motar shanu da ta sauke kaya za ta koma Arewa babu komai. Bai ga kakar shekarar ba. Wasu suka ce sammu ne, wasu suka ce sanyin Legas ne ya shige shi. Ya bar mata da 'ya'ya uku a ɗakin haya, sai da aka yi karo-karo a masallaci kafin aka samu na motar da ta mayar da su gida. Ɗan Azumi yana cikin waɗanda suka ɗora musu kaya. Teburin ya dawo hannunsa.

Ya riƙe shi da kyau, ba a ƙwace masa wannan ba. Ba ya ha'inci, ba ya dogon surutu. Ya auri Kyauta, suka haifi Mastura. Soja suka koma bariki, farar hula suka hau, aka yi rikicin ƙabilanci a unguwanni har shi ma ya kai iyalinsa mafaka na 'yan kwanaki, aka dawo aka ci gaba. Duk wannan bai canza komai a teburin ba. In mai saye ya yatsine fuska ya ce sigari ta yi wani iri, sai Ɗan Azumi ya ɗago kwali ya ɗora farce a gefen, kamar yadda aka koya masa.

"Ga hatimin gwamnati nan. Ni ba na sayar da jabu."

Da daminar dubu biyu da ɗaya ne Khamisu ya tone masa asiri. Khamisu kwandastan danfo ne, haifaffen Agege, bakinsa da Hausa da Yarbanci da Turanci duk a cakuɗe. Ya taɓa sakandare kafin ya watsar. Ranar ana yayyafi, ya fake a ƙarƙashin lemar teburin, ya zuƙi karan da ya saya, ya tofar.

"Baban Mastura, wannan ta Kwatano ce, abi? Kamar ciyawar doki."

Ɗan Azumi ya ɗago kwali ya ɗora farce. "Buɗe idonka. Ga hatimin gwamnati."

Khamisu ya yi dariya kamar kullum. Sai kuma ya dubi fuskar mutumin, ya ga ba alamar wasa a cikinta. Dariyar ta tsaya.

"Tsaya, tsaya. Da gaske kake? Duk shekarun nan na ɗauka ba'a kake mana."

"Wace ba'a?"

"Ka san abin da aka rubuta a nan?"

"An rubuta kayan gaske ne."

Khamisu ya karɓi kwalin, ya bi rubutun da yatsa, yana juya shi zuwa Hausa a hankali. "Ma'aikatar lafiya ta tarayya tana gargaɗi. Masu shan taba suna iya mutuwa da ƙuruciyarsu."

"Ƙarya kake, ɗan banza."

"Wallahi. Tare duk ɗan makarantar da ka ga dama."

"Gwamnati za ta rubuta haka a jikin kaya, sannan ta bari a sayar?"

"Ta fita haƙƙinka ke nan. Ta faɗa, kai ne ba ka ji ba."

"Kai da ka ji fa? Ga shi a bakinka."

Khamisu ya ɗaga kafaɗa. "Ko ka sha ka mutu, ko ba ka sha ba ka mutu. Ni da nake wuni a rataye a ƙofar danfo daga nan har Mushin? Ba ni wani karan, Baba, wanda bai jiƙe ba."

Ya ba shi.

Ɗan Azumi ba mutum ba ne da ke ɗaukar magana daga baki ɗaya. Ya kai kwalin wurin mai kemis na kan kwana, ya karanta masa daidai da na Khamisu. Ya tare malamin makarantar su Mastura a hanya, shi ma haka. Babu wanda ya ɗauki abin da zafi a cikinsu. Mai kemis har yana hamma. Wannan ya fi komai ba shi tsoro. Ashe duk garin an sani, kowa yana wucewa ta gaban teburinsa da saninsa, shi kaɗai ne yake ɗora farce a kan takardar mutuwarsa yana alfahari.

Ga shi kuma yana tari. Tun daminar bara yake yi, yana cewa mura ce. Yanzu da ya yi tari sai ya kasa kunne, ya ji ko ya yi kama da na Lado. Ya yi kama. Irin mai zurfin nan ne, kamar ana jan guga a rijiyar da ta kusa ƙafewa. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai.

Kalma ɗaya ce ta tsaya masa a wuya, wato ƙuruciya. A ina take ƙarewa? Shi dai bai san shekarunsa ba. An haife shi cikin azumi, abin da aka gaya masa ke nan, ba wanda ya rubuta. In ya riga ya wuce ƙuruciya, wataƙila rubutun ba da shi yake ba. Wata safiya ya sunkuyar da kai gaban Kyauta.

"Duba min, akwai furfura?"

Ta duba. "Akwai, nan da nan. Yau kuma tsufa kake nema?"

Ya ji sanyi a ransa har ya kai bakin tebur. Can ya tuna Lado ma da furfura a gemunsa ranar da aka ɗora shi a motar shanu.

Ya ce ya daina sha. Faɗa ba wuya. Karyayyun kara ba su daina zuwa ba don ya yi magana. Ya samo gwangwanin madara yana tara su a ƙarƙashin tebur, domin hannunsa ya ƙi zubarwa. A da yakan ba 'yan dako kyauta in sun yi masa yawa. Yanzu in ya ɗauko zai miƙa, sai ya ji kamar guba zai ba ɗan mutane da sunan alheri. Gwangwanin ya yi ta cika, ƙanshinsa yana tasowa tsakanin ƙafafunsa tun safe har yamma. Ya ci goro har haƙoransa suka yi tsami. Ya tauna asuwaki har ya zama zare. Abin takaicin shi ne, duk lokacin da tsoro ya taso masa, ba abin da jikinsa ke roƙo sai sigari. Sai ya sunkuya kamar mai neman canji, ya kunna rabin kara, ya zuƙa yana kallon rubutun, ya tashi da tsoron da ya fi na ɗazu.

Ya fara kallon masu saye da wani ido. Ya ga leɓɓan da suka yi baƙi. Ya ji masu tari kafin su yi sallama. Wani direban tirela da ke zuwa daga Mile 2 ya daina zuwa, bai tambayi dalili ba, don ba ya son amsar.

Ran nan yana alwalar asuba a tsakar gida ya yi kaki, ya ga jan zare a ciki. Ya tsaya da buta a hannu. Sai ya kwarara ruwa a kai, ya murje da takalmi, ya tafi masallaci. Bai san surar da liman ya karanta ba.

Ya ɓoye, a ganinsa. Ya manta wa ke wanke masa hankici. Wata ranar Juma'a ya dawo cin abinci, Kyauta ta ajiye masa kwano, ta ajiye hankicin a gefe, a buɗe. Mastura tana waje tana wasa.

"Malam, sai yaushe zan daina wanke wannan ina yin kamar ban gani ba?"

"Dasashina ne."

"Dasashi ba ya sa mutum zufa yana barci. Dasashi ba ya sa wando ya yi yawa. Jiya na ga ka ƙara huda a bel."

Ya kau da kai daga hankicin.

"Ka je asibiti."

"In na je su ce me?"

"Su ce abin da yake akwai."

"In suka ce irin na Lado ne fa?"

Ta zauna a bakin katifa. Ba ta ɗaga murya ba. "Ni na taya matar Lado ɗaure kaya. Na ga yadda ta tsaya a ƙofar masallaci ana tara mata kuɗin mota, tana rufe fuska. In ka ga dama ka bar ni in tsaya a wurin, da Mastura a hannu. Amma ka sani kai ka zaɓa, ba Allah ne ya hana ka tafiya asibiti ba."

Ya kalli tuwon, ya kasa kai loma. Ba mutuwar kanta ce ta fi tsorata shi ba, kowa zai mutu. Ƙofar masallacin nan ce, da bayan motar shanu.

Litinin ya tafi asibitin gwamnati. Ya zauna a benci tun hantsi, tsakanin masu tari irin nasa, kowa yana kauce wa idon kowa. Aka ɗauki hoton ƙirjinsa, aka ba shi 'yar kwalba ya tofa kaki, aka ce ya dawo. Kwanakin jiran nan bai san yadda ya yi ciniki ba. Sau biyu yana ba mutum reza a maimakon ashana.

Likitar Bayarbiya ce, ta yi bautar ƙasa a Sakkwato, tana da Hausarta daidai gwargwado. Ta ɗaga hoton a hasken taga.

"Tarin fuka ne, Malam. Yana da magani. Wata da watanni za ka sha, kullum, ba fashi. Ka kawo matarka da yarinya mu duba su."

Ya ji kamar an sauke masa buhu daga ka. Ba ta gama ba.

"Kana shan taba?"

"Wadda ta karye kawai."

Ta sauke hoton ta dube shi. "Huhu bai san ta karye ba. Naka ya riga ya sha hayaƙi kamar bangon murhu. In kana shan magani kana shan taba, kana ɗebo ruwa ne da kwando."

Ya ciro kwalin da ya zo da shi a aljihu, babu komai a ciki, ya nuna mata gefen.

"Likita, ƙuruciyar nan da suka rubuta, a ina take ƙarewa?"

"'Yarka shekararta nawa?"

"Bana ta shiga aji ɗaya."

"To kai yaro ne. Duk wanda ya mutu ya bar 'yar aji ɗaya, da ƙuruciyarsa ya mutu."

Daga asibitin bai biya gida ba. Ya je tebur, ya jawo gwangwanin madara, ya juye shi a kwata. Ruwan ya tafi da karan, fari-fari, suna juyawa. Mai shayin da ke gefensa ya riƙe baki.

"Ɗan Azumi, lafiya? Ai da ka ba mu."

Ya kife gwangwanin a ƙarƙashin tebur.

Kada a yi masa ƙarya, bai daina sayarwa ba. Alewa da reza ba sa biyan kuɗin ɗaki a Agege, kuma mai shan maganin tarin fuka yana bukatar abinci. Abin da ya yi shi ne, ya juya kwalayen duka, rubutun yana kallon mai saye. In wani ya tambaya ko kayan na gaske ne, sai ya ɗora farce inda ya saba ɗorawa.

"Na gaske ne. Nan kuma an rubuta mai sha yana iya mutuwa da ƙuruciyarsa. Kara nawa?"

Wasu suka ji haushi suka koma wani teburin. Wani ɗan ci-rani da ya zo daga ƙauye, wanda shi ma bai taɓa sanin abin da rubutun ke cewa ba, ya mayar da karan ya karɓi alewa. Yawanci dariya suka yi. Khamisu ya laƙaba masa Ministan Lafiya, sunan ya bi shi har masallaci.

An duba Kyauta da Mastura, ba su kamu ba. Ya sha maganinsa. Jinin ya tsaya, zufar ta tsaya, bel ya koma hudarsa ta dā. Amma bai yarda da ƙirjinsa ba. Yakan hau matakalar gadar tsallaka titi a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai, yana jiran wani abu ya tsinke a ciki.

Yana gab da gama maganin, wata Lahadi da la'asar cikin watan Janairu, ƙasa ta girgiza. Ƙara ta taso daga wajen Ikeja, ta sake tasowa, ta ƙi tsayawa. Kwanon rufi yana rawa, gilasai suna zubowa. Wasu suka ce juyin mulki ne, wasu suka ce yaƙi. Sai daga baya aka san rumbun makamai ne ya kama wuta a barikin soja. A lokacin ba wanda ya tsaya tambaya. Agege ta fito titi tana gudu.

Ɗan Azumi ya bar tebur a buɗe. Ya saɓa Mastura a kafaɗa, Kyauta tana riƙe da gefen rigarsa, suka bi jama'a zuwa wajen Abule Egba. Yarinyar tana da nauyi. Ƙirjinsa ya ɗauki wuta tun ba a yi nisa ba. Kowa yana tsoron abin da ke bayansa, shi yana tsoron abin da ke cikinsa. In ya faɗi a nan, za a tattake su duka. Ya ji numfashinsa yana fito, ya ji ɗanɗanon ƙarfe a maƙogwaro, ya ce shi ke nan, jinin ne ya dawo. Bai tsaya ba. Ya yi ta jefa ƙafa har ƙarar ta koma baya can nesa, har suka kai wani gidan mai da mutane suka zube a ciki.

Ya sauke yarinyar. Ya durƙusa, tari ya turnuƙe shi. Da ya lafa, ya tofa a tafin hannunsa, ya kasa dubawa. Kyauta ce ta kama hannun ta buɗe.

"Fari ne, Malam."

Ya duba da kansa. Fari ne.

Washegari gari ya cika da labarin waɗanda suka faɗa cikin ruwa garin gudu, ba su fito ba. An kwashe masa alewa da sukari a tebur, amma ajiyar sigarinsa tana gida. Bai taɓa cinikinta kamar na ranar ba. Har waɗanda ba su saba sha ba sun zo.

Khamisu ya iso da hantsi, idonsa ja, bai yi barci ba. Wani abokin aikinsa bai koma gida ba, ana nemansa.

"Minista, ka gani ko? Kana tsoron rubutu, ga bom ya kusa tashi da mu duka. Wa ya rubuta mana gargaɗi a kan wannan?"

"Ba kowa."

"To ba ni biyu."

Ya ba shi. Khamisu ya kai ɗaya baki, garin gaggawa karan ya karye a tsakiya. Ya miƙo shi.

"Canza min. Wannan naka ne."

Ɗan Azumi ya karɓa. Karan yana da ɗumi, ƙanshinsa ya hau masa kai. Fitilar gwangwani tana ci a gefen hannunsa. Tun jiya hankalinsa yake a tashe, kuma ya san zuƙa biyu za ta kwantar da shi. Tun da ya daina bai taɓa son ta kamar yanzu ba. Ya daɗe yana riƙe da shi, har Khamisu ya daina magana yana kallonsa.

"Bom ba ni na sa shi a bakina ba," in ji Ɗan Azumi.

Ya murje karan tsakanin yatsu, ya watsa a kwata.

"Asara, Baba."

"Asara ce."

Ya ɓare goro ya jefa a baki, ya juya ga mai saye na gaba.

Har yanzu yana nan bakin layin dogo, kwalayensa suna kallon titi. Ya gama maganin, likita ta sallame shi. Tsoron ne bai sallame shi ba. Kowace asuba in ya yi kaki sai ya sunkuya ya duba kafin ya zuba ruwa, Kyauta kuma tana bakin ƙofa, ba ta komawa ciki sai ta ji ƙarar buta.